21 a Wannan Ƙauye, 48 a Wancan

A shekarar 1991 mujallar likitocin Birtaniya, BMJ, ta buga wani rahoto mai ɗauke da lissafin da ya ƙi zama daidai. Ƙauyuka biyu ne a kwarin Afan da ke kudancin Wales, tsauni ne kawai ya raba su. Ɗaya sunansa Glyncorrwg, ɗayan Blaengwynfi. Haƙar kwal ce ta kafa su duka biyun, kuma duka biyun kwal ɗin ya juya musu baya. Kafin 1970 ta fita an rufe ramukan, magidanta suka koma zaman kashe wando, ko bin motar asuba zuwa masana'antun da ke bakin teku. Gininsu iri ɗaya, cimarsu ɗaya, tarin da ƙurar rami ta bar wa dattawansu ɗaya. Talauci kuwa, ba a cewa na wannan ya fi na wancan.

Sai aka ƙirga waɗanda suka rasu kafin su cika shekara 65, tsakanin 1981 da 1986. Masana ƙididdiga suna da hanyar da suke bi su ce, gari mai mutum kaza, masu shekaru kaza, ga yawan mamatan da ake tsammani. A Blaengwynfi ana tsammanin 30, aka samu 48. Wannan bai girgiza kowa ba, don an daɗe da sanin cewa inda talauci ya yi kaka-gida ba a cika tsufa ba. A Glyncorrwg ana tsammanin 22, aka samu 21. Nan ne abin ɗaure kan yake. Da ƙauyen ya bi sahun maƙwabcinsa, da mamatansa sun tasar wa 35. To ina sauran? Ajali na Allah ne, babu mai ja, amma Shi ne kuma Ya sanya wa kowane abu sababi, kuma sawun sababin nan za mu bi.

Abin da zai fara zuwa wa mutum a rai shi ne kuɗi. An duba alkaluman rashin aikin yi da na halin zaman gidaje, ba su raba ƙauyukan ba. Glyncorrwg yana cikin wuraren da suka fi talauci a lardinsa. Sai asibiti. Tun 1948 Birtaniya ta kafa hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, a hannun minista Aneurin Bevan, wanda shi kansa ya yi aikin ramin kwal a Wales yana yaro. Daga ranar, ganin likita kyauta ne ga kowa, a wannan ƙauye da wancan, manyan asibitocin kuma suna can gangare, mutanen kwarin duk can ake tura su. Magani fa? Babu wata ƙwaya da aka keɓe wa Glyncorrwg. Magungunan hawan jini masu sa fitsari sun shiga kasuwa tun ƙarshen shekarun 1950, kowane likita a ƙasar yana iya rubuta su. Ko dai mutanen ƙauyen sun gyara cimarsu ne? Rahoton da kansa ya kawar da wannan: masu hawan jinin da aka bi diddiginsu, ƙibarsu ba ta ragu ba, kitsen jininsu ma yana nan yadda yake.

Abu ɗaya ya rage, shi ne ɗan ƙaramin asibitin ƙauyen da mutumin da ke zaune a ciki.

Julian Tudor Hart ba ɗan kwarin ba ne. A Landan aka haife shi a 1927, uwa likita, uba likita, ya yi karatu a Kambirij, kuma ɗan gurguzu ne da ba ya ɓoye aƙidarsa. Kafin ya zo ƙauye ya yi aiki da manyan masu binciken cututtuka biyu na zamaninsa: Richard Doll, wanda ya tabbatar da alaƙar taba da sankarar huhu, da Archie Cochrane, wanda ya yi shekaru yana ɗaukar hoton ƙirjin mahaƙa kwal a kwarin Rhondda Fach. An san Cochrane da naci guda: in ya ce zai auna mutanen gari, to ba ya hutawa sai ya samu fiye da kashi 90 cikin 100. Hart ya koyi wannan nacin, amma aikin bai kwanta masa ba. Ka auna mutum, ka ga cuta tana cinsa, ka rubuta a takarda, ka wuce, don kai mai bincike ne ba mai magani ba. A 1961 ya ajiye, ya karɓi aikin likitan Glyncorrwg, ƙauye mai mutum kusan 1,900. Daga baya ya auri Mary Thomas, wadda ita ma a tawagar Cochrane ta goge, ita ce kuma ta riƙe ragamar rubuce-rubucen asibitin na shekara da shekaru. A ganina duk wanda ya ba da labarin nan ya bar ta a baya, rabin labari ya bayar.

To shi ke nan, an samu likita nagari, magana ta ƙare? Ba ta ƙare ba. Blaengwynfi ma yana da likita, kuma babu inda rahoton ya ce da sakaci a aikinsa. Mutum ya ji ciwo, ya je, a duba shi, a ba shi magani, kamar yadda ake yi a ko'ina. Cewa wane nagari ne yabo ne kawai, ba ya gaya wa wani likitan abin da zai yi gobe da safe. Dole a nemo abin da Hart yake yi wanda sauran ba sa yi.

Sawu na farko a fili yake. A wancan zamani likitoci da yawa ba su ɗauki hawan jini cuta ba matuƙar mutum yana kan ƙafarsa, wasu ma gani suke jikin dattijo yana bukatar ƙarfin jinin, taɓa shi ne hatsari. Shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya yi shekaru jininsa yana hawa a gaban likitocinsa, har ranar 12 ga Afrilun 1945 jijiya ta fashe masa a ka, awon ya nuna 300 bisa 190. Sai a 1967 Edward Freis da abokan aikinsa a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka suka fitar da sakamakon da ya sauya tunani. Maza 143 masu hawan jini mai tsanani aka raba biyu, rabi aka ba su magani, rabi ƙwayar da ba komai a ciki. A cikin waɗanda ba su sha magani ba, mutum 27 suka gamu da mummunar matsala, har huɗu suka mutu. A ɗaya ɓangaren, mutum biyu kacal.

Hart ya karanta, ya yi wa kansa tambayar da ta dace. In magani yana aiki haka, kuma cutar ba ta sa ciwon da zai kawo mai ita asibiti, su wane ne masu ita a ƙauyen nan? A 1968 ya ɗaura aniyar auna jinin duk wani baligi daga shekara 20 zuwa 64. Wanda ya zo da tari, a ɗaura masa abin awo. Wadda ta kawo yaro, a auna ta. Waɗanda ba sa zuwa aka aika musu takarda, waɗanda suka yi biris da takarda aka bi su gida. Zuwa 1970, lokacin da ya buga sakamakon a mujallar Lancet, an auna kusan kashi 98 cikin 100, abin da ba a taɓa jin wani likitan unguwa ya yi ba a duniya. Abokan aikinsa suna yawan ba da labarin mutum na ƙarshe, wani magidanci da ya daɗe yana zillewa. Da aka samu ya miƙa hannu, ashe duk ƙauyen ba wanda jininsa ya kai nasa hawa. Lambar ƙasa kaɗai ta kai 170. Aka ɗora shi a kan magani, bayan shekara 25 yana nan da ransa.

Mai karatu zai ce, to ai ga amsa: awo. A auna kowa, a gano cuta da wuri, a tsira. Da ma abin haka yake da sauƙi.

Kusan lokacin da Hart ke bin gida-gida, masu bincike a kudu maso gabashin Landan sun fara wani gwaji a 1967. Mutum wajen 7,000 masu shekara 40 zuwa 64 aka raba biyu, rabi aka gayyace su cikakken binciken lafiya, rabi aka ƙyale su. Bayan shekara tara babu bambanci, ko a mutuwa ko a kwanciya asibiti. An sake irin wannan a birnin Kwapanhagan na Denmak da mutum kusan 60,000, aka auna, aka yi nasiha kan abinci da taba da motsa jiki, aka jira shekara 10. Sakamakon da ya fito a 2014 shi ne, ciwon zuciya bai ragu ba, shanyewar ɓarin jiki ba ta ragu ba, mutuwa ba ta ragu ba. Ƙungiyar nan mai tace binciken likitanci, wadda aka raɗa wa sunan Cochrane, malamin Hart, ta tattara gwaje-gwaje 17 na irin wannan binciken lafiya na gama-gari a 2019, mutum sama da 250,000, ta ce tasirinsa kan yawan mace-mace kaɗan ne ko ma babu.

Akwai ma abin da ya fi wannan ɗaci. A birnin Hamilton na Kanada, David Sackett da Brian Haynes na jami'ar McMaster sun auna ma'aikatan wata masana'antar ƙarfe a shekarun 1970. Waɗanda aka gaya wa a karon farko cewa suna da hawan jini, fashin aikinsu saboda rashin lafiya ya ƙaru da kashi 80 cikin 100 a shekarar da ta biyo baya, alhali na sauran ma'aikata kashi 9 ya ƙaru. Jiya mutum lafiyayye ne, yau an ba shi sunan cuta, sai ya fara jin kansa majinyaci. Wato awon da ba a biyo shi da komai ba yana iya barin mutum cikin halin da ya fi na da muni. Duk wanda ya taɓa ganin gangamin awon jini kyauta na yini guda, da rumfa da lasifika da masu ɗaukar hoto, a gaya wa tsohuwa jininta ya hau sannan a naɗe tabarma a tafi, ya san abin da ake nufi.

Masu binciken Hamilton ba su tsaya nan ba, kuma abin da suka ci gaba da tonowa ya taimaka wajen warware ƙullin Wales. Sun tura masu hawan jinin wurin likitoci, bayan wata shida suka tarar kusan kashi ɗaya cikin uku ba a ɗora su a kan magani ba. Da suka bincika me ke sa a ba wani a hana wani, sai ga wani dalili da ba wanda ya zata a sahun gaba: shekarar da likitan ya gama makaranta. Wanda ya daɗe da fitowa, abin da aka koya masa tun da can yake bi. Waɗanda aka ba maganin kuma, kusan rabi ba sa sha yadda ya kamata. Aka ce jahilci ne, aka shirya musu darasi a kan cutar. Suka haddace darasin tsaf, shan magani bai ƙaru ba. Aka ce nisa ne, aka kawo musu likita cikin masana'anta, nan ma shiru. Sai a 1976 aka ɗauki mutum 38 daga cikin masu ƙin shan maganin, aka koya wa rabinsu auna jininsu da kansu su rubuta, aka haɗa su da wani wanda iyakar karatunsa sakandare, ba shi da takardar aikin lafiya ko ɗaya, yana ganinsu duk bayan mako biyu, ya duba takardarsu, ya yaba musu in an samu ci gaba. A nan ne shan magani ya tashi da kusan kashi 21, na ɗaya rukunin kuwa ya ɗan ƙara faɗuwa.

Da wannan a hannu, a koma wa rahoton Glyncorrwg a sake karanta shi a tsanake. Akwai wani layi da ido kan tsallake, kan shan taba. A tsakanin mazan ƙauyen gaba ɗaya, masu shan taba sun ragu daga kashi 61 zuwa 42 tsakanin ƙarshen shekarun 1960 da 1985. Ba laifi, amma a lokacin maza suna barin taba a duk faɗin Birtaniya. Matan ƙauyen kuwa ko gezau. Yanzu dubi masu hawan jini su 116 da awo ya zaƙulo: daga kashi 56 zuwa 20. Masu ciwon suga su 34: daga 44 zuwa 12. Ƙauye ɗaya, likita ɗaya, gargaɗi ɗaya a kwalin taba. Me ya raba waɗannan da maƙwabtansu na ƙofa da ƙofa, tun da kowa an auna shi? Tsoron cuta yana ciki, babu shakka. Amma tsoro ya sa ma'aikatan Hamilton kwanciya a gida ne, bai sa su shan magani ba. Abin da mutum 116 ɗin nan suke da shi shi ne sunansu yana cikin wani littafi na daban, kuma an sa musu ranar dawowa. Matsakaicin awon jininsu ya sauko daga 186 bisa 110 zuwa 146 bisa 84, kuma wannan awon na 1987 ne, ga wasunsu kusan shekara 20 bayan an gano su.

Ashe awon ƙofa ce kawai. Aikin yana bayan ƙofar. Asibitin yana da rajistar duk mutanen ƙauye da shekarunsu, don haka ya san wanda ba a auna ba. Yana da jerin masu hawan jini da masu suga, don haka in ranar mutum ta zo bai bayyana ba, gurbinsa yana nan a fili, sai a aika ko a je. Duk wadda ta taɓa riƙe adashi ta san wannan aikin: uwar adashi ba ta ƙirga waɗanda suka kawo zubi, waɗanda ba su kawo ba take nema a littafi, kafin magariba kuma ta tura yarinya. Asibitin da aka saba da shi yana lissafin mutum nawa ya gani yau. Na Glyncorrwg yana lissafin mutum nawa ya kamata ya gani bai gani ba.

Kuma lokaci-lokaci sukan zazzage katunan duka su binciki kansu: cikin masu shan magani, nawa ne jininsu ya sauka, nawa suka ɓace? Har mamata ba su bari ba. A 1987 Hart ya buga nazarin mutuwar mutum 500 a jere daga cikin waɗanda ke ƙarƙashin kulawarsa, yana tambayar ko akwai abin da da an yi shi da an kauce. Ya samu irin wannan a kusan rabinsu, kuma kusan ɗaya cikin biyar na waɗannan ya ɗora alhakin a kan asibitinsa. Likitocin da za su iya buga irin wannan da sunansu a jiki ba su da yawa, a can ko a nan.

Masu bincike a Amurka sun ba matsalar da yake yaƙa suna tun farkon shekarun 1970, dokar rabi-rabi. Rabin masu hawan jini ba su san suna da shi ba, rabin waɗanda suka sani ba sa kan magani, rabin masu shan magani jininsu bai sauka ba. In ka bi lissafin, mutum ɗaya cikin takwas ne ya tsira. Gangamin awo rabin farko kawai yake taɓawa. Hart ya bi duka ukun, kuma bai taɓa cewa abin da daɗi ba. A littafinsa na 1988, A New Kind of Doctor, ya kawo labarin wani ma'aikacin ƙarfe da karaya ta raba da aikinsa, ga hawan jini, ga giya, ga ƙiba. Da ya haɗa lissafin shekarun da suka yi tare, zuwansa asibiti ya kai sau 310, lokacin da shi Hart ya zauna da shi kuma kimanin awa 41. Babu tiyata, babu na'ura mai tsada, babu ranar da za a nuna a ce yau aka ceci ransa. Ya ce da farko suna fuskantar juna ne, likita da majinyaci, a hankali suka koma kafaɗa da kafaɗa.

Saura ƙalubale guda, kuma mai nauyi ne. Mutum 21 da mutum 48 ba adadi ne mai yawa ba. Ƙauyuka biyu ne tak, ba kuma ƙuri'a aka jefa aka raba su ba. Hatsarin mota ɗaya ko hunturu mai tsanani yana iya karkata irin wannan lissafi. Hart almajirin Cochrane ne, ya fi kowa sanin haka, shi ya sa iyakar abin da ya yarda ya rubuta shi ne alkaluman ba su saɓa wa zaton cewa tsarin yana rage mutuwa ba. In ana son hukunci, sai an nemo inda aka gwada irin wannan kulawa da dubban mutane, aka kuma raba su da ƙuri'a.

An yi. A farkon shekarun 1970 gwamnatin Amurka ta bi gida-gida a yankuna 14, ta samo masu hawan jini 10,940. Duka an auna su, duka an gaya musu, don haka awo ba ya cikin abin da ake gwadawa. Rabi aka ce su je wurin likitocin da suka saba. Rabi aka sa su a tsari: magani kyauta, matakai a rubuce na ƙara magani in jini bai sauka ba, taimakon abin hawa, da bin sawun wanda ya yi fashi. Bayan shekara biyar, a 1979, mutuwa a rukunin farko kashi 7.7 ce cikin 100, a na biyu 6.4, ragin kashi 17 ke nan, kuma ragin ya fi yawa a tsakanin baƙaƙen fata. Masu suka suka ce ai wannan ba gwajin magani ba ne, gwajin kyakkyawar kulawa ce kyauta, tun da har mutuwar da ba ta shafi zuciya ba ta ragu. Sun yi gaskiya, kuma ga mai neman sirrin Glyncorrwg sukar tasu ita ce shaidar da ake nema.

Tambaya ta ƙarshe ita ce ko sai da mutum irin Hart, ɗan boko mai aƙida da ya yarda ya ƙare rayuwar aikinsa a ƙauyen da hanyar mota ta ƙare. In haka ne, labarin ba shi da amfani ga kowa, don irinsa ba a samunsu a kasuwa. Kamfanin kula da lafiya na Kaiser Permanente a arewacin Kalifoniya ya mayar da abin tsari: rajistar masu hawan jini, matakan magani a shafi guda, ƙwaya ɗaya mai haɗe da magani biyu, da mataimakan likita masu sake awo ba tare da an biya kuɗin ganin likita ba. Waɗanda jininsu ya daidaita suka tashi daga kashi 44 a 2001 zuwa 80 a 2009. Amma Kalifoniya ƙasar masu kuɗi ce. Amsar da ta fi gamsar da ni daga karkarar ƙasar Sin ta fito. Daga 2018 aka raba ƙauyuka 326 da ƙuri'a, mutum 33,995. A rabin ƙauyukan aka horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye, waɗanda ba su yi karatun likita na jami'a ba, aka ba su takardar matakai, da magani kyauta ko a farashi mai rahusa, da abin awo na gida ga majinyata, aka ɗora musu alhakin bibiya. Bayan wata 18, kashi 57 na mutanensu jininsu ya sauka ƙasa da 130 bisa 80, a sauran ƙauyukan kashi 20. Bayan shekara uku, bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da danginsu sun ragu da kashi ɗaya cikin uku, mutuwa kowace iri ta ragu da kashi 15. An samu ƙarin waɗanda jininsu ya faɗi fiye da kima, wannan gaskiya ne, amma ribar ta rinjayi hasarar nesa ba kusa ba.

Iyakar abin da bincike zai iya warwarewa ke nan. Ba za a taɓa nuna mutum 14 a Glyncorrwg a ce waɗannan ne littafin Mary ya tsare ba. Amma kuɗi, asibiti, sabon magani, cima, awo shi kaɗai, wa'azin lafiya shi kaɗai, duk an gwada su sun faɗi. Abin da ya tsaya a Wales, ya tsaya a Amurka, ya tsaya a Sin, shi ne a samu wanda aka ɗora wa alhakin mutane sanannu da sunayensu, ya san wanda bai dawo ba, yana da magani a hannu da ikon ƙara shi, kuma ya yi ta yi shekara bayan shekara.

Shi Hart, wanda ya rasu a 2018, an fi tuna shi da wata maƙala ta 1971 inda ya ce kyakkyawar kulawar lafiya ta fi ƙaranci a inda aka fi bukatarta, kuma abin ya fi muni a inda aka bar lafiya a hannun kasuwa. Ba sai an yi wa mutumin Kano ko Maraɗi dogon sharhin wannan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 manya biliyan 1.3 ne ke da hawan jini, kusan rabi ba su sani ba, huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da ta isa, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A wurinmu yadda abin yake tafiya sananne ne. Kai ya yi ciwo, a je kemis, a auna, a sayi na kwana 10, a ji sauƙi, a ce an warke. Sai wata safiya a ji an kwashi Alhaji ranga-ranga, baki ya karkace.

An fara gwada ɗaya hanyar. Tun 2020 ma'aikatar lafiya ta tarayyar Najeriya, da Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar Resolve to Save Lives, suka soma shirin kula da hawan jini a ƙananan asibitocin jihohin Kano da Ogun, inda ma'aikatan lafiya na matakin farko ke ɗora mutum a kan magani bisa matakai a rubuce, farawa da amlodipine. A Abuja ma jami'ar Abuja da ta Northwestern ta Amurka sun yi irinsa a ƙananan asibitoci 60. Bin sawu kuwa ba baƙon aiki ba ne a ƙasar Hausa. Da shi aka kori shan inna: gida-gida, alli a bango, a rubuta yaron da ba a samu ba, a dawo masa washegari, har aka ayyana Najeriya ta rabu da cutar ta daji a 2020. Masu tarin fuka da masu cuta mai karya garkuwar jiki ma ana kiransu a waya in sun yi fashin karɓar magani. Mai hawan jini da mai suga ne kawai aka bar wa kansu, alhali su ma za su sha magani ne har ƙarshen rayuwa.

Don haka ga shugabannin ƙananan asibitoci da hukumomin da ke sama da su, in za a kawo muku rahoton wata, kada ku tsaya a kan mutum nawa aka auna. Ku tambayi mutum nawa ke cikin rajista, nawa ne ranarsu ta wuce ba su zo ba, wa aka tura ya nemo su, kuma da suka zo sun tarar da magani ko an ce ya ƙare. Kai kuma mai karatu, in an ɗora ka ko mahaifiyarka a kan maganin hawan jini, kada ku bar wurin sai an rubuta muku ranar dawowa, kuma ranar ta zo ku koma, ko da kuwa ba inda ke ciwo.